Burtun da Muka Tarar a Bayan Sara

Mun tashi da asuba, ana sallame sallah muka faɗa mota, mu uku: ni a sitiyari, Baba a gefena, sai 'yar yayana a baya, 'yar firamare, rungume da ledar biskit tana gyangyaɗi. Masu tambayata ina na shige ranar Asabar, na sa hoton gonar riɗi ban ce komai ba, to ga labarin. Birnin Kudu muka nufa, daga nan mu wuce ƙasar Gwaram. Ba biki ba ne, ba gaisuwar rasuwa ba. Tsuntsu muka je gani.

Bari in ɗan koma baya don ku gane.

Idon Baba tafiya yake yi. Hawan jinin ido ne, kuma likita bai ɓoye mana ba, ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, magani sai dai ya rage masa gudu. Yanzu gefe da gefe duk ya rufe. Abin da ke gabansa kawai yake gani, kamar mai leƙe ta cikin bututu, shi ma sai da hasken safe. Tun da abin ya yi ƙarfi ya daina fita kasuwa, sai zaman tsakar gida da rediyo da labarin da. A wani ƙauye bayan Sara aka haife shi, ya baro can yana saurayi, kuma duk labaransa na can, in ka bi su, a kan burtu suke ƙarewa.

Ni kaina ban taɓa ganin burtu ba, sai a bakin Baba. Ya ce baƙin tsuntsu ne ƙato, ya fi talotalo tsayi, a ƙasa yake yawo bibbiyu, mata da miji, yana cin macizai da fara. Namijin yana da jan maƙogwaro, ga dogon baki mai tozo a sama. Da asuba in ya yi kuka, sai ka ɗauka ganga ake bugawa a bayan dutse. Sannan abin da ya jawo rigima: wai yana da gashin ido, zara-zara, irin na mace.

A nan jikar tasa ta tsaya. Kun san wasan jika da kaka, ita kuma tata ba ta da birki.

"Kaka, tsuntsu da gashin ido? Har da kwalli yake sawa?"

"Za ki gani."

"A ina? Kai dai ka tsufa, ka fara haɗa mafarki da labari."

"Na sake ki. Ki koma gidan ubanki."

"Dama a gidan ubana nake, kai ne ka zo."

Kullum haka, mu yi ta dariya. Na nemo bidiyon burtu a waya na nuna mata don a kashe maganar. Ta kalla ta taɓe baki, ta ce ai wannan haɗin kwamfuta ne, jiya ma ta ga bidiyon kyanwa tana tuƙa tifa. Me zan ce mata? Gaskiyarta ce, yaran yanzu bidiyo ba ya zame musu shaida. Shi kuma Baba ko karɓar wayar bai yi ba. Ya ce hoto hoto ne, shi mai rai yake so ya gani, kuma ita ma ta gani yana nan kusa da ita. Ya faɗa da wasa, amma ranar bai ƙarasa tuwonsa ba. A nan na gane wasan ya daina zama wasa a wajensa.

Da hutun Sallah na kwashe su muka je gidan zu. Ba zan kama sunan gari ba, kar a ce na zo ɓata wa wani aiki, waɗanda suka sani sun sani. Masu hoto da masu askirim da masu lilo sun fi dabbobin yawa. Kura ɗaya a kwance ta juya mana baya. Birai suna miƙo hannu. Jimina duk gashin wuyanta ya zube. Keji bayan keji, ga allo da sunan dabba, ciki kuwa sai ledar ruwa da ƙadangare. Na riƙe hannun Baba muna zagayawa yana tambayata, "Nan me ke ciki?" ina cewa, "Babu kowa, Baba." Na tambayi wani ma'aikaci ko suna da burtu. Ya ɗan yi tunani ya ce, "Ba na tatsuniya ba ne?" Yarinyar nan ta yi tsalle ta tafa. Baba ya ce a kai shi mota, rana ta yi masa yawa.

Kuma namu ma da sauƙi ne, tunda akwai ƙofar da za ka shiga. Aiki ya zaunar da ni a wasu manyan garuruwa da ko allon babu. Gari da gadar sama, da kantin da matattakalarsa ke tafiya da kanta, da gidajen biki kamar fada, amma yaro zai gama sakandare bai ga barewa tana numfashi ba.

To, shi ne na jefa tambaya a guruf ɗinmu na dangi: wa ya san inda za a ga burtu? Washegari ɗan ƙanen Baba, wanda yake acaɓa a Sara, ya turo saƙon murya. Ya ce, "Burtu? Akwai mana. Wani tsohon maharbi a ƙauyen su Baba Alhaji yana da shi, biyu ma. A ɗakinsa yake ajiye su." Na kira shi na ce ka gani da idonka? Ya ce, "Har taɓawa na yi." Na kunna wa Baba saƙon. Ya ce, "A ɗaki? Burtu a ɗaki?" Sai kuma ya ba kansa amsa: "Wataƙila tun suna 'yan tsaki ya ɗauko su." Ya sa aka wanke masa farar babbar riga. Na sake kunna masa saƙon, don ya ce in sake.

Shi ya sa muka tashi da asuba.

Hanya ba laifi, sai wuraren da ramuka suka yi sansani, ka kauce wa ɗaya ka faɗa wa ƙanensa. Damina ta ja baya, ko'ina kore yana juyewa ruwan ɗorawa, an yanke gero an tara, dawa kuma ta sunkuya da nauyi. Tireloli suna ta wuce mu kamar an aike su. A shinge ɗaya jami'in ya leƙo ya ga farar rigar Baba, ya ce, "Alhaji, ɗaurin aure za a je?" Baba ya ce, "Ya fi haka." Aka ɗaga mana hannu.

Hantsi bai gama yi ba muka shiga Birnin Kudu. Duwatsun nan nasu manya-manya, wasu a ɗore kan wasu kamar wani ne ya jera su ya tafi ya manta. Gari ya riga ya tashi, 'yan acaɓa cike da bakin asibiti, motocin haya suna lodi. Muka tsaya wajen wata mai waina kusa da tasha. Jama'a, wainar nan da miyar taushe, in kun bi ta can kar ku wuce. Ta fi tamu ta birni girma kuma ta fi araha, kuɗin da zan kashe ni kaɗai a unguwarmu shi ya ƙosar da mu uku har da shayi. Man fetur ne dai bai san ƙauye ba, yadda na bar shi a gida haka na tarar da shi.

Mai wainar ta tambayi yarinyar ina za a je da sassafe haka. Ta ce, "Wai tsuntsu mai gashin ido za mu gani."

Matar ta yi dariya har da riƙe ciki. "To 'yata, in kin same shi ki tambayo min inda yake sayen kwallinsa."

Baba ya murmusa ya ce, "Ku yi ta yi. Da yamma za mu biyo ta nan, za ta faɗa miki da bakinta." Ko shayinsa bai shanye ba ya miƙe, ya ce mu tafi kafin rana ta yi ƙarfi, don in ta yi ƙarfi idonsa hazo yake yi.

Daga Birnin Kudu zuwa Sara, nan tafiyar ta fara yi min nauyi. Baba ba ya ganin gefen hanya, saboda haka ni ne idonsa. Muna ɗan yin gaba ya ce, "Rage gudu. Nan daji ne, birai suna tsallaka titi."

Na ce, "Baba, gonar riɗi ce."

"To gaba kaɗan, akwai kukoki a hannun dama, manya. A kogonsu burtu yake ƙwai."

Na duba. "Dawa ce, Baba. Sai kuka ɗaya can nesa, an sassake ta."

"Gaba fa?"

Gaba buhunan gawayi ne a jere a bakin titi, an ɗora ganye a bakin kowanne, suna jiran mota. Na faɗa masa. Bai sake tambaya ba. Ba ina zargin manomi ba ne fa, kowa ci zai yi, kuma gawayin nan gidajenmu na birni yake zuwa, har da namu. Kawai dai mutumin da ke zaune kusa da ni a cikin daji yake tafiya, ni kuma ina tuƙi a cikin gonaki, a kan titi ɗaya.

A Sara muka tarar da ɗan'uwan namu yana jiranmu a kan babur ɗinsa. Garin cike da buhunan riɗi da na wake, amalanke da a-kori-kura suna ta kai da kawo, ƙamshin tsire ya cika titi. Na saya wa yarinyar rake, sanda guda a kuɗin gaɓa biyu na birni. Ɗan'uwan namu ya durƙusa ya gaida Baba, ya ce ai maharbin tun jiya yake shiri, bai taɓa ganinsa da murna haka ba. Ya shige gaba muka bi shi, muka sauka daga kwalta muka kama jar hanya. Motar da na aro ƙasa gare ta, kowane tudu sai ta gaishe shi. Baba ya ce dangi ma sai daga baya za a gaisa, a fara kai shi wajen tsuntsun.

Maharbin tsoho ne siriri, haƙoransa ja da goro, amma tafiyarsa ta fi tawa sauri. Ya riƙe hannun Baba da hannu biyu, suka yi ta jero sunayen mutanen da duk sun rasu, kowanne a ce Allah ya jiƙansa. Ashe ya san mahaifin Baba. Ya ce, "Alhaji, rabon da wani ya tako ƙofar nan ya ce a nuna masa burtu, na manta. Yaran yanzu ba ruwansu."

Baba ya ce, "Yana nan dai?"

"Yana nan lafiya lau. Jiya ma na shafa masa mai."

Na ji maganar man, na ɗauka wani magani ne na tsuntsaye. Wallahi haka na ɗauka.

Ya kai mu bayan gidansa, ya shimfiɗa mana tabarma a gindin tsamiya. Gabanmu fili ne mai doguwar ciyawa, zabbi suna kiwo a ciki, daga can sai dangar kara. Ya ce, "Ku zauna nan, kar wanda ya yi motsi. Burtu ba ya son hayaniya. Ta can zan fito muku da shi." Ya zaga ya shige. Baba ya gyara hularsa, ya goge tabarau da bakin riga, ya jawo jikarsa ya zaunar da ita a jikinsa. Na ciro waya na saita.

Muka jira har na fara gajiya. Sai ciyawar bakin danga ta motsa. Wani baƙin kai ya ɗago, dogon wuya, dogon baki mai tozo. Ya tsaya cak. Ya sunkuya ya caccaki ƙasa, ya ɗago, ya karkata gefe kamar mai saurare, ya ɗan matso. Zabbin nan ko ɗaga kai ba su yi ba, kiwonsu suke yi yana ratsa su.

Baba ya damƙe hannun yarinyar. Muryarsa ta yi ƙasa. "Ga shi. Ga shi nan. Allahu akbar. Kin gan shi?"

Ni ma na ɗan lokaci na yarda shi ne. Sai abin ya zo inda ciyawa ta yi gajarta, na ga baƙin zane ne a lulluɓe, na ga gwiwar mutum, na ga silifa shuɗi a baya yana jan ƙasa. Maharbin ne da kansa yake rarrafe. Kan burtu ne na farauta ya ɗaura a goshi, wanda maharba suke sawa don su matsa kusa da nama bai gudu ba. Na sauke wayar.

Na dubi yarinyar. Idonta ya fi na kowa a wajen, ta riga ni gani. Ta buɗe baki, na san kalmar da za ta fito, don irin wannan damar take jira tun watanni. Sai ta ɗaga kai ta kalli fuskar kakanta. Hawaye ne yake bin gefen tabarau yana shiga gemunsa. Ta rufe bakin.

"Kin gan shi?" ya sake tambaya.

"Na gani, Kaka."

"Kin ga gashin idon?"

"Ya yi nisa."

"Bari, zai matso. Kar ki yi motsi. Ina matar? Bibbiyu suke tafiya, duba min matar."

Ban san me zan yi ba. Da zan iya, da na aika wa tsohon nan da saƙo ya juya ya koma ta inda ya fito, mu tashi mu shiga mota a haka. Amma shi bai san me ake ciki ba, shi gwanintarsa yake nunawa. Ya matso har kusa da tabarma, ya yi caccaka ta ƙarshe, sai ya yaye zanen ya miƙe tsaye yana haki yana dafe ƙugu, kan burtun yana lilo a goshinsa.

"Yaya, Alhaji? Har yanzu na iya, ko na tsufa?"

Ba zan iya kwatanta muku fuskar Baba ba. Hannunsa ya saki na yarinyar a hankali. Ya cire tabarau ya riƙe. Sannan ya ce, "Ka iya, Malam. Ka kama ni yadda kake kama barewa."

Maharbin ya yi dariyar jin daɗi, sai ya lura ba wanda ya taya shi. Na juya wajen ɗan'uwanmu na ce masa a hankali, "Tsuntsun fa muke nufi. Mai rai."

Ya zaro ido. "Tsuntsu? Yaya, kai burtu ka ce. Wannan ai shi ne burtu." Ya juya wajen maharbin. "Baba, dama akwai mai rai?"

Wannan tambayar ta fi komai yi min ciwo a tafiyar nan. Ba yaron birni ba ne ya yi ta. A nan aka haife shi, a nan ya girma, yana da mata da 'ya'ya. A wajensa da sa'o'insa, burtu wani abu ne na itace da fata da tsofaffi suke ratayewa a ɗaki. Bai yi min ƙarya ba ko kaɗan: biyu ne, a ɗaki suke, ya taɓa su. Sunan yana nan daram a bakin mutane, tsuntsun ne ya fice daga cikinsa ba wanda ya lura. Ni kuma da na tambaye shi me ake ba su suna ci, da duk ba a zo nan ba.

Da maharbin ya gane abin da ya faru, sai ya zauna a ƙasa ya kwance igiyar daga goshinsa. "Alhaji, ka yafe ni. Wallahi ban san mai rai kake nema ba. Da na sani da na aika an ce kar ka wahalar da kanka." Ya ce rabonsa da jin kukan burtu tun ɗan acaɓan nan bai fara tafiya ba. Ana cewa akwai su can nesa ta wajen manyan dazuka, shi dai bai gani ba. "Itatuwan kogo suka ƙare, suka rasa inda za su yi ƙwai. Mu ma kuma ba mu bar su ba. Wannan bakin da kake gani, ni na harbi mai shi."

Baba ya miƙa hannu aka ɗora masa. Wuyan itace ne aka lulluɓe da baƙar fata, an manna 'ya'yan idon zakara, jajayen ƙwayoyin nan, a matsayin ido. Amma bakin na gaske ne. Ya bi shi da yatsa tun daga tozon har tsini, ya dawo, ya sake bi. Sai ya kamo hannun jikarsa ya ɗora a kai.

"Taɓa nan. Wannan ba kwamfuta ba ce."

Ta shafa. Ta daɗe tana shafawa. "To ina sauran jikinsa?"

Maharbin ya ce a kawo fura.

An karrama mu, ba zan ɓoye ba. Fura da nono mai sanyi daga randa, daga baya tuwon dawa miyar kuka da man shanu, har da zabuwa ɗaya daga cikin waɗanda suka yi mana wasan, Allah sarki. Muka zaga dangi, Baba ya yi ta gane mutane da murya. Da za mu tafi maharbin ya fito da kan burtu na biyu ya ce Baba ya tafi da shi kyauta, tunda 'ya'yansa ba mai so, in ya mutu a wuta za a sa. Baba ya yi godiya ya ce a'a. Ya ce, "Bar shi kusa da ɗan'uwansa. Bibbiyu suke zama."

Muka kamo hanyar dawowa. Biskit ɗin ma ba a buɗe ba. Da muka iso Birnin Kudu na ce ko mu tsaya a dutsen nan da mutanen zamanin dauri suka zana shanu a jikinsa, tunda mun zo, yarinya ta gani. Baba ya ce, "Na ƙoshi da zane yau." Muka zo wucewa ta tasha, na hango mai wainar tana kwashe kayanta. Na san ya yi mata alkawarin biyowa. Bai ce in tsaya ba, ni ma ban tuna masa ba, na taka mai.

Mun iso gida ana kiran magariba. Yayana ya fito yana tambaya, "An ga tsuntsun?" 'Yarsa ta riga kowa amsawa. Ta ce, "Mun ga bakinsa." Ta shige ciki.

Abin da na dawo da shi daga tafiyar nan ba mai daɗi ba ne. Da ina ɗaukar gidan zu wurin lilo ne da hoton Sallah, in akwai to, in babu ba asara. Yanzu na san ba haka ba ne. Mun zata dabbobin suna can ƙauye suna jiranmu, duk ranar da muka ga dama mu je. Na je, babu. Mutanen can kuma sun zata mu a birni muna da gidan da aka tara su. Tsakanin mu da su, ba wanda ya riƙe komai. Ba cewa nake keji ya fi daji ba, dajin ne na farko, shi ya kamata a fara tsarewa. Amma gari mai mutane kamar ƙasa ya kamata ya zama yana da wuri guda mai tsabta, mai inuwa, da dabbobi masu ƙoshi, ba sai an kawo na ƙasashen waje ba, namu na nan: barewa, gada, gauraka, burtu. Inda tsoho zai riƙe hannun jikarsa ya ce ga abin da nake faɗa miki. Da muna da shi, tafiyar Baba da ba ta wuce kuɗin adaidaita sahu ba, kuma da tun idonsa yana da sauran ƙarfi ya gani. Ko gobe aka fara ginawa, shi kam ya makara.

Washegari da safe na kai masa maganin ɗigawa. Na gama ɗiga masa, ya ce, "Wannan bidiyon naka, yana nan?" Na ce yana nan. Na kunna zan miƙa masa, ya ce, "A'a, kife ta. Kukan kawai." Na kife wayar a kan tabarma. Sautin ya fito, gudum, gudum-gudum, can ƙasa-ƙasa, kamar ganga a bayan dutse, yadda ya sha faɗa. Ya rufe ido yana gyaɗa kai.

Jikar tasa ta fito da kayan Islamiyya, ta tsaya a bakin ƙofa har ya ƙare. Na jira tsokana, ba ta zo ba. Ta ce, "Kaka, in na girma na gan shi, zan duba maka gashin idon."

Ya ce, "Ki duba da kyau. Ki zo ki faɗa min."

Ta ɗauki jakarta ta fita. Ya ce in sake kunnawa.